Sallamar Malam Garbai

Gure, 14 ga Nuwamba 1994

Zuwa ga Kawu Abatcha,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da aiki, ina gaida Inna Yabawa da yara, da fatan zafin Arlit bai gasa ku ba. Mu nan lafiya lau, sai ƙafar Inna da ke tashi lokaci-lokaci. Ni ce Raliya ɗiyar Fanna, jikar yayar mahaifinka. Rabonka da Gure tun rasuwar Baba, to kada ka ce wace ce. Rubutun nan hannuna ne, na yi yaƙi da jahilci. In ka ga harafi ya karkace ka miƙe shi da kanka.

Maganar Yaya Isiyaku ce ta sa na ajiye keken ɗinki na ɗauki bik in rubuta maka. Ka san mushe ne, malamin boko, yana koyar da yara a lakwal ɗin Gamu. Tun da aka shiga yajin aikin nan aka rufe lakwal, ya samu wani malami a ƙauye bayan Bune, ana ce masa Malam Garbai. Ba ɗan nan ba ne. Wasu su ce daga bakin tafki ya zo, wasu su ce Borno, wasu su ce Kanem. Mutumin da garinsu ya kai uku, ai da walakin.

Yanzu Yaya ba ya cin nama, ba ya shan nono, ko albasa ba a sa masa. Matarsa Balkisa ta ɗiga man shanu a miya, ya ture kwanon kamar an zuba guba. In ka gaishe shi sai ya ɗaga maka yatsa, wai kada ka katse masa wuridi. Ya ce min ilimi biyu ne, na sarari na kowa da kowa, na ɓoye kuma na zaɓaɓɓu. Na ce, "Yaya, su zaɓaɓɓun ba sa sayen hatsi a gidajensu?" Bai yi fushi ba, wallahi da ya yi da na fi jin daɗi. Murmushi ya yi min irin wanda ake yi wa yaro.

Ni ba ibada nake ƙi ba. Amma Yayan da na sani shi ke sa Inna dariya har ta yi tari, wannan kuwa ya rame, idonsa ya faɗa, yana kallonka yana kallon bayanka. Tsoro nake ji kada hankalinsa ya taɓu. Inna ta ce ka daɗe a makarantar allo kafin ka kama tuƙi, ka san irin mutanen nan. Ka faɗa min gaskiya, hanya ce wannan ko rami?

Ɗiyarka,
Raliya


Arlit, 10 ga Disamba 1994

Ɗiyata Raliya,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso, ta sha hanya. Kin san yanzu mota ba ta fita nan sai an tara su soja sun raka. Muna lafiya. Ki ce wa Yaya Fanna ta rage zaman tabarma a kan siminti, shi ke cin ƙafa. Rubutunki kuwa ya fi na wasu 'yan lakwal, bakin ne dai na gado.

Don na san gidanku. Kakarki in kaza ta yi tari sai ta ce annoba ta shigo gari. Saboda haka na raba maganarki biyu na ajiye rabi. Mutum ya bar nama ba hauka ba ne, ni ma nan ƙarshen wata nakan bari ba da wani malami ba. Kuma na tambayi kaina, shin Isiyaku ne ya sauya, ko ku ne kuka ji haushi ya samu wanda yake ji da maganarsa fiye da taku?

Amma tun da kin tambaya. Na ga masu neman asiri da idona. Akwai wanda ya shiga ya fito da sanyin hali, ko zaginsa ka yi sai ya yi maka addu'a. Akwai wanda muka yi allo tare, ya ɗauki sunan wuridi da ya fi ƙarfinsa yana ja ba awo, yau shekara nawa yana tsince-tsince a kasuwar Damagaram. Abin kamar maganin likita ne, wanda ya ba ka da yadda ka sha su ne magana. Ɗan boko kuma ya fi ba ni tsoro, don shi yana so ya gama a shekara ɗaya a ba shi takardar shaida.

Ki duba min abu uku. Malamin yana karɓar dabba ko kaya? Yana hana shi sallar jam'i? Yana raba shi da uwarsa? In yana yin waɗannan ba malami ba ne, irin su jandarma ne maganinsu. In ba ya yi, ki koma kan kekenki.

Kawunki,
Abatcha


Gure, 16 ga Janairu 1995

Kawu,

Bayan gaisuwa mai yawa. Inna ta ji saƙonka, ta ce kai ma ka rage shayi. Ɗan Balkisa ya yi zazzaɓi amma ya tashi.

Rabin maganata da ka ajiye, ɗauko shi, don bai isa ba ma. Yaya ya shiga halwa. An buɗe lakwal, daraktan ya aiko sau biyu, kujerar Yaya babu kowa. Ranar kasuwar Bune na shiga mota, daga can na hau amalanke har ƙauyen. Gani ya kori ji.

Na tarar da wani tsoho siriri a gindin aduwa yana tufka igiya. Na zaci zan ga mai rawani da turare, sai ga riga duk faci. Ya amsa gaisuwata da fara'a, ya sa aka kawo min ruwa. Ban sha ba. Na ce ina yayana? Ya nuna min wata bukka can bayan gida, an jingine ƙofarta da zana. Ya ce kada in kira shi, wanda ke ciki ba ya amsa kowa. Ana tura masa kunu ba nono da ɗan dabino, shi ke nan abincinsa.

Na ce, "Malam, da iyalinsa fa, da aikinsa."

Ya ce, "Ɗiyata, ba ni na kira shi ba. Na kore shi ya dawo, na sake korarsa ya kwana a ƙofata."

Na ce, "To yaushe zai fito?"

Ya ce, "In ya nuna zan fito da shi."

In ya nuna! Sai ka ce dabino a kan uwa. Na tambayi wata tsohuwa maƙwabciyarsa, Ya Kaka, ko yana karɓar kaya. Ta ce ko kaza ba ya karɓa. Kai za ka ce wannan alheri ne, ni kuwa shi ya fi tayar min da hankali. Wanda bai karɓi akuya ba, mutum yake so ɗungurungum.

Ga amsar tambayoyinka. Dabba ba ya karɓa. Amma Juma'a ta wuce Yaya yana cikin bukka, Inna kuma rabonta da ganinsa tun kafin a gama sussuka. Biyu cikin uku ke nan. Ka ce jandarma ne maganinsu, kuma daraktan ya ce zai raka ni. Ina jiran in kammala ɗinkunan da na karɓa ne kawai.

Raliya


Arlit, 3 ga Fabrairu 1995

Raliya,

Barkanku da shan ruwa. Muna lafiya. Ina rubuta wannan a kan murfin mota don ayari zai tashi yanzu, ki yi haƙuri da gajeriyar gaisuwa.

Kada ki je wurin jandarma. Na sake faɗa, kada ki je. Lokacin da na yi waccan maganar Isiyaku yana waje. Yanzu yana ciki, kuma ciki da waje ba ɗaya ba ne.

Ki fahimci yadda abin yake a wurinsu. Wanda ya shigar da mutum halwa shi kaɗai ke fitar da shi. Zai zo bakin ƙofa ya kira sunansa, ya ce na sallame ka, sannan ya fito. An riga an gaya masa cewa in ya fito ba sallama, abin da ya kira da wuridinsa zai juyo kansa da kan iyalinsa. Ko gaskiya ne ko ƙarya ba shi ne a gabanmu ba, shi dai ya yarda. Kowa ya ɗaure kura shi ya san yadda zai kwance ta. In kika taɓa tsohon nan kafin ya kwance, wa zai kwance miki?

Ki je da goro. Ki durƙusa, ko zuciyarki na tafasa. Ki ce uwarsa ba lafiya, ki roƙe shi ya sallame shi albarkacin azumi. In Isiyaku ya taka ƙofar gidanku, ki kai ƙara har Yamai in kin ga dama, ni zan biya miki mota.

Abatcha


Gure, 9 ga Maris 1995

Kawu,

Barka da salla, in akwai barka. Mu ba mu yi ba. Inna ko lalle ba ta sa ba.

Takardarka ta same ni tun kafin in je, ba zan ce ba ta zo ba. Na karanta na sake karantawa. Na ce ikon Allah, mutumin da ya ce jandarma jiya, yau shi ke cewa in durƙusa da goro? Ruwa ba ya tsami banza. Na tambayi Inna, ta ce ai Abatcha tun yana saurayi ba ya tuƙi sai da laya a damtse. Sai na ce biri ya yi kama da mutum, ashe ɗan gida na kai wa ƙara. Har na raya a raina ko tsohon ya aika maka wani abu ta iska. Ka ji haushi in ka so, abin da na zata ke nan. Da ka yi min bayanin nan tun farko, ba ka tsaya zancen kazar kakata ba, da ba a kai nan ba.

Na je tare da daraktan. Jandarma ba su yi wani abu ba, takardar kira kawai suka aika, ya zo Gure ya yi bayani. Wanda ya kai takardar bai kai ga komawa Bune ba tsohon ya naɗe buzunsa. Ya Kaka ta ce ko igiyar da yake tufka bai ɗauka ba. Bai bi ta bukkar ba.

Na tafi da murnata, na ɗauki riga sabuwa da na ɗinka masa. Na ture zanar. Kawu, warin ɗakin da ƙasusuwan wuyansa ba za su fita a raina ba. Na ce, "Yaya tashi, ya gudu, maƙaryaci ne." Ya rufe fuskarsa da mayafi. Da na kama hannunsa sai ya yi magana, karon farko.

Ya ce, "Raliya, kin san abin da kika yi? Saura kaɗan fa."

Na ce ya taso mu tafi.

Ya ce, "In na taka bakin ƙofar nan ba sallama, ba ni kaɗai zai taɓa ba. Kina son Balkisa ta binne yaro?"

Mun kawo limamin unguwarmu ya yi masa nasiha, Yaya ya ce liman ba shi ya ba shi wuridin ba. Maza sun ce a ɗauko shi da ƙarfi. Da suka matso ya yi wata ƙara yana riƙe da dirkar bukka, Inna ta faɗi tana roƙo a bar shi. An kai wani mushe Gamu a madadinsa. Ya Kaka ke tura masa kunu, ni ina kai hatsi duk ranar kasuwa.

Ga shi kamar yadda ka ce. Ba sai ka tuna min ba. Kai ka san direbobi daga Difa har Agadas. Don Allah, don zumuncin kakata da mahaifinka, ka nemo min tsohon nan. Ni da na kore shi, ni zan durƙusa.

Raliya


Arlit, 18 ga Afrilu 1995

Ɗiyata,

Gaisuwa gare ki da Yaya Fanna da Balkisa. Yabawa ta yi kuka da na karanta mata takardarki. Layar da ke damtsena uwata ce ta ɗaura min, kuma ba ta taɓa hana ni duba birki ba. Wannan ya wuce.

Na same shi. Wani direba ɗan Mirya ya ce ya ɗauko tsoho mai kama da shi daga Tanut. Na nemi izini wurin aiki na bi ayari zuwa Agadas, na yi ta tambaya a tasha har aka nuna min wani zaure. Yana nan, har ya tara wasu samari suna ɗaukar masa buta.

Na ce ya zo mu tafi, ni zan kai shi in dawo da shi. Ya ce ƙasar da aka rubuta sunansa a takardar hukuma ya bar ta har abada. Na ce ya rubuta sallamar. Ya ce da baki ya bayar, da baki ake karɓa, kuma nan ya yi gaskiya, Isiyaku ba zai yarda da takarda ba. Sai na ari rediyo wurin mai shayi na sayi kaset. Ya yi magana a ciki, ya kira sunan, ya sallame shi. Muryarsa ce, Isiyaku zai gane ta.

Ga kaset ɗin a hannun mai kawo miki wannan. Na tsayar da shi daidai inda za ki kunna. Ki sa a rediyo ki danna kawai. Kada ki mayar da shi farko, farkon hayaniya ce da ba ta da amfani. Ki ajiye rediyon a bakin ƙofa ta waje, ki koma gefe, kada ki ce komai. In ya fito a ba shi kunu da ɗan nono tukuna, ban da tuwo.

Ban san ko tsohon nan mugu ne ba. Na zauna da shi yini guda ban ga mugunta ba, ban kuma ga ya damu ba. Wannan karon ki yi yadda na ce.

Kawunki,
Abatcha


Gure, 20 ga Mayu 1995

Kawu,

Assalamu alaikum. Barka da layya. Ina gaida Inna Yabawa. Allah ya saka maka wahalar hanya da ka sha, ya tsare ka a kan tuƙinka.

Yaya ya fito. Yana gida. Na fara da wannan don hankalinka ya kwanta kafin ka ji saura.

Na ari rediyon maƙwabta, batir ɗinsa ya yi sanyi, na ga ba zai ɗauki ji biyu ba. A kan amalanke ina ta juya kaset ɗin a hannuna. Na ga zaren ya ci gaba da yawa. Na ce me Kawu yake ɓoyewa a farkon nan? Ko sun ƙulla wata magana da tsohon? Sannan na ce ko bisimilla ce da addu'ar buɗewa a can, in Yaya ya ji abu ba kai ya ce sallama ba ta cika ba. Na sa bik a ramin na murɗa har ya tsaya. Ka ce in yi yadda ka ce, na sani.

Na ajiye a bakin ƙofa na danna. Ya Kaka tana tsaye, ni ina tsugune. Aka ji ƙarar kofuna, aka ji muryarka kana cewa Malam ga shi ya fara ɗauka. Sai muryar tsohon, tas, kamar yana cikin bukkar.

"Wa ka ce sunansa?"

Ka ce Isiyaku, mushen nan na Gamu.

Ya ce, "Mushe... wani dogo? Ko wanda ya zo da raƙumi?"

Ka ce a'a, wanda aka bari a ɗaki a bayan Bune.

Ya ce, "Af! Yana ciki har yanzu? Subhanallahi. Ai na zaci ya gaji ya tafi, yawancinsu haka suke yi." Har da 'yar dariya, Kawu. Ka ji ta ai.

Na kai hannu in kashe, Ya Kaka ta riƙe ni. Sai ga wurin da ka tsayar. Ya gyara murya ya kira Isiyaku ɗan Fanna, ya ce na sallame ka, fito da aminci. Wallahi da daga nan na fara, da ni ma na yi kuka don daɗin muryar.

Can sai zanar ta motsa. Ya fito da rarrafe don ƙafafun sun ƙi, hasken rana ya sa ya rufe ido. Bai dube ni ba. Rediyon ya duba, ya ce, "Ni na wanke masa ƙafa da ya taka ƙaya." Muka ɗauko shi muka kawo shi Gure.

Yanzu yana cin tuwo, yana cin nama, naman layya ma ya ci. Babu abin da ya taɓa yaro, babu abin da ya taɓa kowa. Carbin ya ba Balkisa ya ce ta kai inda ba zai gani ba. Duk abin da na roƙa a takardata ta farko na samu. Amma Kawu, in an kira salla ba ya motsi. Liman ya zo, Yaya ya ce masa, "Kai ma in na tafi za ka tambayi sunana." Sai Inna ta yi kuka yake tashi ya yi alwala, ya yi ta da sauri kamar mai biyan tara. Daraktan ya ce zai nema masa wani aji in damina ta wuce, Yaya ya ce me zai koya wa 'ya'yan mutane, shi da bai iya gane mutum ba.

Ina ta tunani. Da na danna inda ka ce, da ya fito yana ganin malaminsa ya tuna da shi, kuma da ƙafarsa ta yi ƙwari sai Agadas. Wata rana in ce gara da ya ji. Wata rana in ga yadda yake zaune a zaure, in ce da na bar masa ƙaryar. Ban sani ba, kuma na daina cewa na sani.

In ka samu hutu ka zo. Ni ba ya yi min magana sai in ya rasa wanda zai aika. Kaset ɗin yana hannunsa, ya hana a mayar da rediyon mutane. Ba ya jin sallamar, farkon kawai yake ji ya mayar ya sake ji. Yau da safe ya kira ni da sunana, na taho da gudu, ya ce in sayo masa batir.

Ɗiyarka,
Raliya